Minnie Riperton: Mawaƙiyar Da Ta Ƙi Ɓoye Ciwonta

A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin wata mawaƙiya baƙar fata 'yar ƙasar Amurka, wadda ciwon dajin nono ya kama ta tana cikin ƙuruciyarta. Sunanta Minnie Riperton. Ta rasu tun 1979, amma abin da ta yi a shekarunta na ƙarshe ya isa kowace mace ta tsaya ta yi tunani.

An haifi Minnie ranar 8 ga watan Nuwamba 1947 a birnin Shikago. Ita ce auta cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai yi wa fasinjoji hidima. Tun tana ƙarama iyayenta suka lura Allah ya ba ta murya, sai suka sa ta inda ake koyar da waƙa da rawa. Muryar nan kuwa ta daban ce, gama takan ɗaga ta sama har ta yi kama da kukan tsuntsu. Tana 'yar shekara goma sha biyar ta shiga wata ƙungiyar 'yan mata mawaƙa, ta kuma riƙa yi wa manyan mawaƙa amshi a kamfanin faifai na Chess. A 1970 ta auri Richard Rudolph, wanda suke tsara waƙoƙi tare. Suna da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Macen ita ce Maya Rudolph, wadda aka haifa a 1972, ta kuma zama shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo.

A 1974 Minnie ta fito da wani faifai wanda Stevie Wonder ya taimaka wajen shirya shi. A cikinsa akwai waƙar Lovin' You, wadda asalin karinta na rarrashin Maya ne tana jaririya. A watan Afrilu 1975 waƙar ta zama ta ɗaya a duk Amurka. To, sa'ad da duniya ta fara yi mata daɗi ke nan, sai ga jarrabawa ta zo.

A watan Janairu 1976 likitoci suka tabbatar mata tana da ciwon daji a nono. Shekarunta 28 kacal, ga yara ƙanana. A cikin shekarar aka yi mata babbar fiɗa irin ta wancan zamani, watau a cire nonon gaba ɗaya, da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Amma ashe cutar ta riga ta bazu. Likitoci suka ƙiyasta mata kamar wata shida a duniya.

A lokacin nan mata da yawa sukan ɓoye wannan ciwo saboda kunya, balle mawaƙiya wadda sana'arta fita gaban jama'a ce. Minnie ba ta ɓoye ba. A watan Agusta 1976 ta fito a wani shahararren shirin talabijin na dare, ta faɗa wa duniya da bakinta cewa an cire mata nono. Abu ɗaya ta riƙe a ranta, shi ne ba ta bayyana cewa likitoci sun fid da rai ba. A 1977 ta zama kakakin Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka, tana kiran mata su riƙa duba jikinsu, su je asibiti da wuri. Shugaba Jimmy Carter ya ba ta lambar yabo ta jaruntaka a fadarsa.

Wata shidan nan ya zama shekara uku da rabi. Ta ci gaba da shan magani, tana waƙa, tana renon 'ya'yanta, har ta ƙara fito da faifai a 1977 da kuma 1979. A farkon 1979 hannunta na dama ya kumbura har ba ta iya ɗaga shi, gama idan kaluluwar hammata ta lalace ko aka cire ta, ruwan jiki yakan taru a hannu. Duk da haka ta riƙa fitowa a talabijin da hannun a sake. Ta rasu ranar 12 ga Yuli 1979 a wani asibiti a birnin Los Anjalis, mijinta yana riƙe da ita. Shekarunta 31.

Daga zamaninta zuwa yau magani ya ci gaba ƙwarai. Binciken da aka buga a 1985 ya nuna cewa idan an kama ciwon da wuri, cire ƙullun kaɗai tare da gashin haske yana yin aiki daidai da cire nonon duka. Akwai kuma hoton nono a asibiti, da magunguna na allura da na haɗiya. Amma cutar tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka samu da ita, wajen 670,000 kuma suka mutu.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki ce ke yarinya ce, wannan ciwon tsofaffi ne. Sau ɗaya a wata, bayan kin gama al'ada, ki tsaya gaban madubi ki duba, sa'an nan ki shafa nonon da hammata da yatsunki. Idan kin ji ƙullu, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, to ki nufi asibiti, kada ki tsaya shafe-shafe da turare har wata ya bi wata. Yawancin ƙullu ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa. Ki gaya wa maigida, ki gaya wa inna ko yayarki, su raka ki. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu duka.