Tarihin manyanmu: Jibo Bakari, jagoran Sawaba

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da 'yan kasuwar Sarkin Hausa da Mayahi da Tasawa, yau za mu waiwayi rayuwar wani ɗan siyasa wanda ba ɗan ƙasar Maradi ba ne ta haihuwa, amma ƙuri'un kakanninmu sun ɗaure sunansa da yankin nan. Shi ne marigayi Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, mutumin da ya fara jan ragamar gwamnatin 'yan ƙasa a Nijar.

An haife shi a shekarar 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi Jori Hamani a 1916. 'Yan uwan juna ne, kuma su ne daga baya suka zama manyan abokan gaba. Bazabarme ne, amma ya tashi a Tawa, can ya shiga lakwal, can Hausa ta zauna masa a baki, abin da ya yi masa rana sosai lokacin da ya fito neman jama'a. Ya wuce makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa, Jibo yana cikin samarin da suka yi mata aiki tuƙuru har ya riƙe muƙamin magatakarda. Rabuwar kai ta zo wajen 1950 zuwa 1951, sa'ad da shugabannin RDA suka yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa don su sasanta da Nasara. Jori ya bi wannan hanya. Jibo ya ƙi. Sai ya koma ga aikin ƙungiyoyin ƙwadago, yana tara leburori da masu aikin lambu da direbobi da ma'aikatan kantunan Turawa, har aka yi babban yajin aiki a 1953 don a tilasta aiki da sabuwar dokar ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN, wadda talakawa suka raɗa wa suna Sawaba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin nan ne labarin ya shafe ku. RDA ta fi ƙarfi a tsakanin ma'aikatan gwamnati, malaman lakwal da akawu, galibi a yammacin ƙasa. Sawaba kuwa ƙarfinta yana kasuwa da tasha: teloli, mahauta, masu tebur, dillalai, direbobin manyan motoci da yaransu, masu gyaran keke, da mata masu sayar da abinci. A zamanin da rediyo bai wadata ba, direban da ya ɗauko gyaɗa daga Tasawa zuwa Maradi ko Kano shi ne jarida. Abin da aka faɗa a taron Yamai, kafin mako ya zagayo an ji shi a kasuwar ƙauye. Kalmar sawaba ma ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, tunda jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tana amfani da ita tun 1950. Kukan ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu: haraji, zaluncin wasu sarakuna da dogarai, da awon gyaɗa da ake tauye manomi a kan sikeli.

A 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a a ƙasashen da take mulka. Ku lura, iyayenmu mata: matan Tasawa da Maradi sun samu ƙuri'a fiye da shekara 20 kafin 'yan uwansu na Katsina da Kano, waɗanda sai a ƙarshen shekarun 1970 aka ba su. A wannan shekara ta 1956 Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Ya haɗa kai da jam'iyyar BNA ta su Georges Condat ɗan Maradi da Isufu Saidu Zarmakwai, wadda sarakuna da yawa ke goya wa baya. A zaɓen ƙarshen watan Maris 1957 ƙawancen ya kwashe kujeru 41 daga cikin 60 na majalisa, Jibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Bature yana bisa kansa, sannan a Yulin 1958 ya zama shugabanta.

A ganinmu, tun daga wannan haɗi aka shuka matsalar. Jam'iyyar da ta yi suna da kare talaka daga sarki ta hau mulki da ƙuri'un da sarki ya tara mata. Da gwamnatin ta fara tuɓe wasu sarakuna, sauran suka sha jinin jikinsu, suka zauna jiran rana.

Ranar ta zo da ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Janar Dagol ya ba da zaɓi biyu: i, a zauna cikin tarayya da Faransa, a'a, a samu 'yanci nan take, Faransa ta kwashe kuɗinta da ma'aikatanta. A duk Afirka ta Yamma ta Faransa shugabannin gwamnati biyu ne suka nemi a ce a'a, Seku Ture na Gini da Jibo Bakari. Sai dai Nijar ba Gini ba ce a idon Faransa. Tana iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙin neman 'yanci, kuma Faransa tana da buri a kan hamadar Sahara. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ƙaro sojoji, kwamandoji suka shiga ƙauyuka, aka kira sarakuna aka nuna musu inda za su sa jama'arsu. Su Zarmakwai suka bar Jibo suka koma wajen Jori. Manomi kuma aka tsorata shi da tambayar da ta fi kowace nauyi a ƙasar nan a lokacin: in Faransa ta tafi, wa zai sayi gyaɗa?

Sakamakon da aka bayyana ya ba i kusan kashi 78 cikin 100, a'a kashi 22, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Har yau masana suna muhawara a kan wannan ƙuri'a. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, wanda ya zagaya Nijar yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba kuma ya fitar da babban littafi a kansu a 2013, yana ganin abin da Faransa ta yi juyin mulki ne da aka yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati. Wasu kuma suna cewa Jibo ya yi gaggawa, ya yanke shawara ba tare da ya shirya abokan ƙawancensa ba, kuma ƙasar ba ta da ma'aikata da kuɗin da za ta tsaya da ƙafarta a 1958. Mu dai muna ganin kowane ɓangare da tasa gaskiyar, sai dai kuskuren lissafi na ɗan siyasa bai halatta a taɓa akwatin zaɓe ba.

Jibo ya sauka a watan Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba 1958. Ƙawancen su Jori ya samu kujeru 49, Sawaba 11. To, waɗannan kujeru 11 daga mazaɓu biyu suka fito: Damagaram da Tasawa. Wato duk da sojoji da kwamandoji da barazana, mutanen yankin nan sun sake zaɓen raƙumi. Ba a bar musu ba. Aka soke sakamakon mazaɓun biyu bisa zargin maguɗi, kujerun suka koma hannun masu mulki. Ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriya da Jori a kan gaba, a watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. Kowace shekara muna bikin 18 ga Disamba, amma ba kasafai ake tuna abin da ya samu ƙuri'un Tasawa na kwana huɗu kafin nan ba.

Daga nan sai gudun hijira: Mali, Gana, daga baya Gini. Magoya bayansa da suka rage a gida suka sha kamu da duka da gidan kaso, wasu suka tsallaka Kano suka fake wajen 'yan NEPU, wasu suka bar sana'arsu da iyalinsu shekara da shekaru. Marubuci Abdullahi Mamani, wanda ya rubuta littafin Sarauniya, yana cikin waɗanda suka yi hijira.

Akwai babin da masoyansa ba sa son a buɗe, amma tarihi ba ya cika sai da shi. Da hanyar ƙuri'a ta toshe, Sawaba ta tura matasa koyon aikin soja a ƙasashen waje, irin su Sin da Aljeriya da Gana. A ƙarshen 1964 suka shigo ta kan iyakoki da makamai, suna zaton jama'a za su tashi tare da su. Jama'a ba su tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a, da yawa suka mutu a tsare. A watan Afrilun 1965 wani ya jefa gurneti a filin idi a Yamai da nufin kashe Jori ranar babbar salla. Jori ya tsira, kamun ya ƙaru. Talakawan da aka ce za a kawo wa sawaba su suka fi kowa biyan kuɗin wannan yunƙuri, shugabanni kuwa suna waje.

Bayan sojoji sun kifar da Jori ranar 15 ga Afrilu 1974, Jibo ya dawo gida bisa sharaɗin barin siyasa. A 1975 gwamnatin Seyni Kunce ta kama shi bisa zargin ƙulla makirci, ya shafe shekaru a tsare. Haka 'yan Sudure biyu, mai giwa da mai raƙumi, suka tsinci kansu a hannun soja lokaci guda.

Da aka dawo da jam'iyyu da yawa bayan babban taron ƙasa na 1991, ya sake fitowa, yana da shekara kusan 70. Sawaba ta riga ta rabu biyu, kuma matasan da suka cika rumfunan zaɓe ba su san 1958 ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, wanda Mahamman Usmanu ya lashe, Jibo bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Daga baya gwamnati ta sa sunansa a gadar da aka gina bisa kogin Kwara a Fariye. Allah ya jiƙansa da rahama, ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan zamani, na giwa da na raƙumi.