Sheikh Abubakar Gumi: Ɗalibin Dogondaji da ya nemi Masar aka tura shi Sudan

A duk lokacin da aka ambaci marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, abin da yake fara zuwa zukatan jama'a shi ne tafsirin da yake gabatarwa a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, da kujerar Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, da kuma fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa. Ba kasafai ake tsayawa a kan ɗan zaman karatun da ya yi a ƙasar Sudan tsakanin 1954 da 1955 ba, alhali daga wannan tafiya ce mafi yawan ƙofofin da ya shiga daga baya suka buɗe.

An haife shi a farkon shekarun 1920 a garin Gummi, wanda a yau yake cikin Jihar Zamfara, maƙwabcin ƙasar Kebbe ta kudancin Jihar Sakkwato. Mahaifinsa, Malam Mahmud, malami ne kuma alƙalin garin, a gabansa kuma ya fara karatun allo. A 1933 aka sa shi makarantar elemantare ta Dogondaji, da ke cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta yanzu. A nan ya haɗu da Ibrahim Dasuki, ɗan hakimin garin, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi na 18. Saboda karatun addinin da ya zo da shi daga gida, sai aka ɗora masa kula da sallar 'yan makaranta, aka kira shi Hakimin Salla.

Daga Dogondaji ya wuce Midil ta Sakkwato, inda ya yi zamani da Shehu Shagari. Bayan ya kammala ya tafi Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 domin horar da alƙalai, aka kuma ɗauko mata malamai daga Sudan. Ke nan tun kafin ya taka ƙasar, ya riga ya ɗanɗana irin koyarwar mutanenta: karatu a aji, da jadawalin darussa, da jarrabawa, maimakon bin littafi ɗaya bayan ɗaya a zauren malami.

Ya taɓa aikin magatakardan alƙali a Sakkwato, amma zuciyarsa ta fi karkata ga koyarwa. A 1949 ya koma kwalejin horon malamai ta Maru, inda ya zauna tare da Malam Aminu Kano. A can ne ya ƙalubalanci limamin garin a kan yin taimama alhali ga ruwa, maganar da ta kai har gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Tun daga lokacin aka san shi da cewa ba ya ganin abin da ya saɓa wa littafi ya kawar da kai.

Burinsa, kamar na sauran matasan malaman Larabci na wancan zamani, shi ne ya tafi Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. Sai dai Turawan mulkin mallaka ba su yarda ba. A 1952 sojoji sun kifar da Sarki Faruƙ na Masar, Jamal Abdul Nasir yana kiran Larabawa da 'yan Afirka su kori 'yan mulkin mallaka, ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi kuma tana da ƙarfi a tsakanin ɗalibai. Hukumomin Ingila sun ji tsoron kada 'yan Arewa su sha wannan ruwa su dawo da shi gida. Saboda haka aka zaɓa musu Sudan, wadda har lokacin Ingila take da hannu a mulkinta.

A 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi Cibiyar Horon Malamai ta Bakhtur Ruda, tare da wasu abokan karatu da suka haɗa da Haliru Binji da Shehu Galadanci da Hassan Gwarzo. Ba yaro ba ne a lokacin. Ya kai shekara talatin, yana da iyali, ya kuma riga ya koyar da ɗalibai. Ya ajiye allin malami ya koma kan bencin ɗalibi.

Bakhtur Ruda ba birni ba ce. Tana kusa da garin Duwaim a bakin Farin Kogin Nilu, kudu da Khartum. Wani Baturen Ingila mai suna Griffiths ne ya kafa ta a 1934, da gangan kuma aka kai ta karkara domin malaman da za a horar su saba da rayuwar ƙauyukan da za su koyar. Aikinta shi ne tsara manhajar makarantun Sudan, da rubuta littattafan karatu, da gwada darasi a gaban yara kafin a amince da shi. Wanda ya so zama a da'irar shehunan Azhar, sai ya sami kansa a wurin da ake koyon yadda ake isar da ilimi ga wanda bai sani ba.

Abu biyu wannan zama ya ƙara masa. Na farko shi ne harshe. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da ƙwarewa a nahawu da lugga da fiƙihu, amma Larabcin da yawansu na littafi ne. A Sudan kuwa da Larabci ake ciniki a kasuwa, da shi ake rubuta jarida, da shi ake gardamar siyasa. Na biyu shi ne dabarar koyarwa: a tsara darasi, a fara da mai sauƙi, a kawo misalin da mai sauraro ya sani. Ban da wannan, ya zauna a ƙasar Musulmi da take gab da karɓar 'yancinta. Isma'il Azhari ya zama Firayim Minista a farkon 1954, 'yan ƙasa suna karɓar ofisoshi daga hannun Turawa, aka kuma ayyana 'yanci a ranar 1 ga Janairu, 1956. Abin da Turawa suka guje masa a Masar, ya gan shi da idonsa a Sudan.

Daga Sudan ne ya tsallaka Bahar Maliya ya sauke farali a 1955. A shekarar ce Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya je aikin Hajji tare da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi. Ayarin yana bukatar wanda zai yi masa tafinta a gaban hukumomin Saudiyya, sai ga ɗan ƙasar Sakkwato da bakinsa ya faɗa da Larabci. Daga wannan haɗuwa amana ta ƙullu tsakaninsa da Sardauna, ba ta kuma yanke ba har aka kashe Firimiyan a watan Janairun 1966.

Bayan dawowarsa ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. A 1957 aka tura shi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazan Najeriya. A 1960 ya zama Mataimakin Alƙalin Alƙalai, a 1962 kuma ya hau kujerar gaba ɗaya. A wannan shekara aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna da Rabiɗatul Alamil Islami a Makka, yana cikin waɗanda aka fara tafiyar da su duka biyun.

Amma babban abin lura shi ne, ilimin da ya samo da Larabci, da Hausa ya raba shi. Tafsirinsa da Rediyon Kaduna yake watsawa ya shiga shaguna da tashoshin mota da ɗakunan matan aure, ya kai ga mutanen da ba su taɓa zama a zauren malami ba. A 1979 aka buga fassararsa ta ma'anonin Alƙur'ani da Hausa. A 1987 aka ba shi Lambar Yabo ta Sarki Faisal saboda hidima ga Musulunci.

Tafarkinsa bai rasa masu adawa ba. Littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha na 1972 ya soki wasu ayyukan ɗariƙun Sufaye, manyan malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Dahiru Usman Bauchi suka mayar da martani. A 1978 almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Saɓanin ya raba masallatai, ya shiga har cikin gidaje, kuma har yau mabiya kowane ɓangare suna kallonsa ta fuska dabam. Sai dai masoyi da mai suka sun yi ittifaƙi cewa ya sauya yadda ake koyar da addini a Arewa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka kawo shi Kaduna aka yi masa sutura. Abokan tafiyarsa ma ba su dawo hannu sake ba. Haliru Binji ya zama Alƙalin Alƙalai a Sakkwato, Hassan Gwarzo a Kano, Shehu Galadanci kuma ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato.

Har yanzu gwamnatocin jihohi da iyaye masu hali suna kashe maƙudan kuɗi wajen tura yara karatu waje, Sudan ɗin kanta ta ci gaba da karɓar ɗaliban Arewa har yaƙin 2023 ya tilasta kwaso su. Tarihin wannan ƙaramin ayari na 1954 yana nuna cewa sunan jami'a ba shi ne ma'auni ba. Mutanen da aka zaɓa sun tafi da tushe mai ƙarfi daga gida, sun san abin da suka je nema, da suka dawo kuma aka ba su aikin da ya dace da abin da suka koyo. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sai a yi asarar kuɗi, wani lokaci har da yaron.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata makwancinsa.