Félix d'Hérelle: Mutumin da ya tura ƙwayar cuta farautar 'yar'uwarta

A watan Satumban 1917, Yaƙin Duniya na Ɗaya yana kan ganiyarsa, aka gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa wata gajeriyar takarda. Marubucinta ya bayyana cewa akwai wata halitta da ko madubin likita ba ya iya nunawa, wadda ke hallaka bakteriyar da ke kawo atini. Ya raɗa mata suna bakteriyofaj, wato mai cin bakteriya. Sunansa Félix d'Hérelle, ba shi da digirin jami'a, kuma a matsayin ɗan sa-kai marar albashi ya shiga Cibiyar Pasteur ta birnin Paris.

An haife shi a 1873. Ƙuruciyarsa ta tafi a yawo da gwaje-gwajen sana'a: ya yi ƙoƙarin haɗa barasa a Kanada, ya yi aikin ɗakin gwaji a babban asibitin Gwatamala, daga nan ya wuce Meziko. A can ne farin dango suka afka wa gonakin Yucatán a 1910. Ya lura da wasu fara da ke mutuwa da gudawa, ya ware bakteriyar da ke cikinsu, ya shiga yaɗa ta cikin garken fara a Ajantina da Tunisiya. Sakamakon bai gamsar da kowa ba, amma tunanin da zai riƙe har ƙarshen ransa ya riga ya kafu: a nemo wa maƙiyi nasa maƙiyin.

A 1915 atini ya ɓarke tsakanin sojojin dawaki a Maisons-Laffitte, kusa da Paris, aka ba shi aikin bincike. Ya tace bayan-gidan majinyata da matacin tangaran wanda bakteriya ba ta iya ratsawa, ya zuba ruwan da ya tsiyayo a kan bakteriyar da ya shuka a faranti. Sai ga wasu 'yan gurabe fes inda bakteriyar ta narke. Ya kuma lura cewa abin yana ƙaruwa a jikin marar lafiya daidai lokacin da ya fara samun sauƙi. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Twort, ya riga shi ganin makamancin haka a 1915, sai dai bai bi sawun abin ba. D'Hérelle ne ya tsaya kai da fata cewa wannan rayayyen abu ne mai hayayyafa, bairos ne da ke kama bakteriya kamar yadda wasu ke kama mutum.

Bai tsaya jiran yardar kowa ba. A 1919, a asibitin yara na Paris, ya fara shan ruwan ƙwayoyin da kansa don nuna ba sa cutarwa, sannan aka ba wani yaro da atini ya galabaita, yaron ya warware. Daga tsakiyar shekarun 1920 ya yi aiki a Iskandariya da hukumar killace matafiya ta Masar, wadda cikin ayyukanta har da duba alhazai masu dawowa daga Makka saboda kwalara da annoba. A can ya yi wa mutum huɗu da annoba ta kama allurar bakteriyofaj a cikin kaluluwarsu, dukkansu suka rayu. A 1927 ya isa Indiya, inda aka riƙa zuba ƙwayoyin a rijiyoyin ƙauyukan da kwalara ta addaba. Shekara guda bayan haka Jami'ar Yale ta Amurka ta naɗa shi farfesa.

Ɗaukakar ta zo da abokan gaba. Jules Bordet, ɗan Beljiyam mai lambar Nobel, ya dage cewa babu wani bairos, wani sinadari ne kawai ke narkar da bakteriyar. D'Hérelle mutum ne mai zafin kai da kaifin harshe, kuma hakan bai taimake shi ba. Babbar kasawarsa, ita ce bai damu da gwajin da ake raba majinyata gida biyu, a ba wasu magani a hana wasu, don a gane ko maganin ne ya yi aiki ba. Kamfanoni kuma suka cika kasuwa da kwalaben da ƙwayoyin cikinsu sun mutu ko ba su dace da cutar ba, alhali kowane bakteriyofaj yana da irin bakteriyar da yake kamawa. A 1934 wani nazari da ƙungiyar likitocin Amurka ta buga ya ce hujjojin ba su isa ba. Da penisilin ya wadata a shekarun 1940, Yammacin duniya ya juya wa aikinsa baya.

A Tarayyar Sobiyat ne aikin ya fi samun gindin zama. Abokinsa George Eliava ya kafa cibiya a Tbilisi ta ƙasar Jojiya a 1923, kuma d'Hérelle ya je ya yi aiki da shi a tsakiyar shekarun 1930. A 1937 gwamnatin Stalin ta kashe Eliava. D'Hérelle bai sake taka ƙasar ba. Cibiyar tana nan har yau tana karɓar majinyata.

Madubin lantarki ya nuna siffar bakteriyofaj a 1940, gaskiyarsa ta fito. Amma Bordet ma bai tashi a tutar babu ba: bayan bairos ya hayayyafa a cikin bakteriya, da wani sinadari mai suna endolaisin yake fasa bangonta ya fito. Wannan sinadarin ne masana ke tacewa yanzu su gwada a kan bakteriyar da ta gagari magani, matsalar da wani nazari a mujallar Lancet ya ɗora wa alhakin mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce aka fi jin jiki idan aka auna da yawan jama'a.

D'Hérelle bai ga wannan zamani ba. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu cikin ɗaurin talala a garin Vichy saboda takardun Kanada da yake riƙe da su. An sha gabatar da sunansa don lambar Nobel, ba a taɓa ba shi ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Paris ranar 22 ga Fabrairun 1949.