Branch Rickey: Mai Auna 'Yan Wasa da Alƙaluma da Hali

An haifi Branch Rickey ranar 20 ga Disamba, 1881, a jihar Ohio ta Amurka. Ya buga besbol, wato wasan da ake jefo ƙwallo, mai bugu ya make ta da kulki ya ruga daga zango zuwa zango, amma bai yi fice ba. Sai ya karanta shari'a a Jami'ar Michigan, daga baya ya koma shugabancin kulob.

A zamaninsa da ido ake zaɓen ɗan wasa. Rickey bai gamsu da haka ba. A 1947, yana shugaban Brooklyn Dodgers, ya ɗauki Allan Roth aikin tattara alƙaluman kowane wasa. Lissafinsu ya nuna cewa ƙirga bugu kaɗai yana yaudara, abin dubawa shi ne sau nawa mutum yake isa zango, ko da bugu ko da haƙurin jiran mai jifa ya yi kuskure. A 1954 ya bayyana wannan a mujallar Life.

Sai dai babban zaɓinsa ba alƙaluma kaɗai suka yanke shi ba. A lokacin an hana baƙaƙen fata shiga manyan kulob-kulob, kuma Rickey ya ƙudurta karya wannan shinge. Akwai waɗanda suka fi suna, irin su Josh Gibson da Satchel Paige, amma a 1945 ya kira Jackie Robinson. Ya zaunar da shi a ofis yana kwaikwayon zagin da zai sha, don ya ga ko zai iya daurewa bai rama ba. Da Robinson ya kai wa wani duka a fili, da masu wariya sun samu hujjar sake rufe ƙofa.

Ranar 15 ga Afrilu, 1947, Robinson ya fara buga wa Dodgers. Ya sha zagi da barazana, ya daure. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon sabbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon gasar baki ɗaya. Alƙaluma suka gaskata abin da Rickey ya hango a halinsa.

Rickey ya rasu ranar 9 ga Disamba, 1965. 'Yan'uwa ɗalibai, idan za mu zaɓi kyaftin ko shugaban ɗalibai, mu duba maki, mu kuma duba wanda zai iya haɗiye fushi ranar da aka tsokane shi.