Samuel Ajayi Crowther: Bishop ɗin da ya nufi Sakkwato, jirginsa ya tarwatse a Jebba

A watan Oktoban 1857, wani jirgin ruwa mai suna Dayspring ya bugi dutse a Kogin Kwara kusa da Jebba, ya tarwatse. Cikin waɗanda suka tsira har da wani limamin cocin Angilika Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther. Niyyarsa ita ce ya sauka a Rabba ta ƙasar Nufe, ya bi ta ƙasa zuwa Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Hatsarin ya katse tafiyar, kuma har ya bar duniya bai taka birnin Shehu ba.

An haifi Ajayi wajajen 1809 a Osogun, cikin jihar Oyo ta yau. A 1821 mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi. A 1822 sojojin ruwan Birtaniya suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke shi a Firitawun ta Saliyo. A can ya karɓi addinin Kirista a 1825, kuma shi ne ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay a 1827.

An naɗa shi limamin coci a 1843. Bayan shekara uku ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta, bayan rabuwar shekara 25.

Zaman jira da ya yi a ƙasar Nufe bayan hatsarin bai tafi a banza ba. Ya duƙufa kan Nufanci, har ya wallafa nahawu da jerin kalmominsa a 1864. Shi ne kuma ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Ranar 29 ga Yunin 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari ta Ingila, ya zama Baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a ilimin tauhidi.

An san Crowther da yadda yake zama da Musulmi. Ya ƙulla zumunci da Etsu Masaba na Bida, yana raba Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana tattaunawa da malamai cikin ladabi ba tare da zagin addininsu ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da ɗaci. A 1890 wasu matasan mishan daga Ingila, masu burin shiga ƙasar Hausa, suka zargi limaman Afirka da ke ƙarƙashinsa da sakaci, aka dakatar da wasu, ciki har da ɗansa Dandeson. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disambar 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

Jikansa Herbert Macaulay ya zama jigo a fafutukar neman 'yancin Najeriya. Sakkwato kuwa, wadda Crowther ya nufa bai isa ba, ta samu dayosis ɗinta na Angilika a 1990, shekara 133 bayan hatsarin Jebba.