Elizabeth Fry, Uwar Fursunoni

An haifi Elizabeth Fry a garin Norwich ta ƙasar Ingila cikin shekarar 1780. Iyayenta attajirai ne, 'yan wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka. Mutanen wannan ɗariƙa ba su yarda da yaƙi ba, sun kuma gaskata cewa kowane ɗan Adam, kome laifinsa, akwai hasken Allah a zuciyarsa.

Wannan imani ne ya kai ta kurkukun Newgate a Landan cikin 1813. Ta tarar da mata wajen 300 cunkushe da 'ya'yansu, suna kwana a ƙasa cikin tsumma. Tausayi ya kama ta, ta koma ta kawo musu tufafi. Cikin 1817 ta buɗe wa yaran makaranta, aka kuma koya wa iyayensu mata ɗinki. Cikin 1818 ta bayyana wa kwamitin Majalisar Dokoki abin da idonta ya gani. Daga baya dokar 1823 ta ce a raba mata da maza a kurkuku, mata su riƙa tsaron mata.

Ta rasu cikin 1845. 'Yan'uwa ɗalibai, mu tuna cewa fursuna ma mutum ne.