Abubakar Imam: Malamin da ya bar aji ya shiga maɗaba'a

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sanya gasar ƙagaggun labarai, domin makarantun boko na Arewa ba su da isassun littattafan Hausa. Muhammadu Gwarzo ya shiga da Idon Matambayi. Wani malamin Midil ta Katsina, haifaffen Kagara a 1911, ya shiga da Ruwan Bagaja. Shi ne Abubakar Imam.

East ya ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Don aji aka yi su, kuma cike suke da labaran Larabawa, Indiyawa da Turawa waɗanda ya sanya wa rigar Hausa. Har gobe ana karanta su a makarantu.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa, amma ya buɗe shafukanta ga wasiƙun masu karatu. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya ƙi sanya hannu kan takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya. Masu sukarsa ba su manta da wannan ba.

A zamaninsa haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, suka zauna a bugun Hausa. Abin takaici, yau da kwamfuta a hannu, masu tsara shafi da yawa suna zaɓen samfurin haruffan da ba ya ɗauke da su.

Ya rasu a 1981.